Jitata tana tsami daga firet na 7 zuwa sama, jakinta kuma mai lilo ne: ta ina zan fara?

Wani ƙanena mai kiɗan jita a wuraren biki ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya sayi jitar lantarki ta hannu, mai jaki irin na Floyd Rose, wanda ke lilo gaba da baya. In ya saita tsirkiyoyin nan shida a sake, tiyuna, wato na'urar auna murya, sai ta nuna masa komai daidai, amma da ya haura firet na 7, wato na bakwai cikin ƙarafan da ke jere a wuyan jita, sai muryar ta fara tsami. Ya kwance sirdin tsirkiya ɗaya don ya matsar da shi, sirdin ya zabura gaba, sauran biyar suka rikice, jakin kuma ya bar mazauninsa. Yana so ya san ta inda zai fara.

Ƙanena, daga abin da ka faɗa ban ga alamar jitarka ta lalace ba. Ayyuka biyu ka haɗa a lokaci guda, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Akwai tsawon kowace tsirkiya, akwai kuma zaman jakin kansa. Muddin jakin yana motsi, duk awon tsawo da ka yi ba zai zauna ba, don haka sai ka fara tsayar da shi cak kafin ka taɓa sirdi ko ɗaya. Jaki nake cewa kamar yadda masu goge da garaya ke kiran ɗan itacen da tsirkiya ke hawa. Ƙananan ƙarafa shida da ke kansa, waɗanda kowace tsirkiya ke da nata, su nake kira sirada.

Bari mu fara da dalilin tsamin. Mai goge ba shi da firet, yatsansa ne ke neman murya, in ta kauce kunnensa ya dawo da ita nan take. Kai kuwa an riga an dasa maka ƙarafa a wuyan jita bisa lissafi, ba sa gusawa. A jita irin ta kamfanin Fender, daga mashigin tsirkiya na sama zuwa sirdi inci 25.5 ne, wato milimita 648, kuma firet na 12 yana tsakiyar wannan tsawo. A lissafi, in ka danne a nan ya kamata ka sami muryar tsirkiyar sake amma ta sama, ba ƙari ba ragi. Sai dai lissafin bai san yatsanka ba. Duk sanda ka danne tsirkiya zuwa firet, ka ɗan miƙe ta, miƙewar kuma tana ɗaga murya. Ga kuma taurin ƙarfen: tsirkiya ba ta fara kaɗawa daga daidai bakin sirdi, akwai ɗan guntun da ke ƙagewa, kuma iya kaurin zuciyar tsirkiyar, wato wayar da ke tsakiyarta, iya tsawon wannan guntu. Maganin abin shi ne a ƙara wa kowace tsirkiya ɗan tsawo ta baya, kowacce gwargwadon halinta. Abin da ya sa aka yi sirada masu matsawa ke nan.

Jaki mai lilo kuwa, ka ɗauke shi kamar mangala. Tsirkiyoyi na ja ta sama, sifirin da ke cikin ramin bayan jitar na ja ta ƙasa, jakin kuma yana tsaye a kan kaifi biyu a tsakani. Saitin tsirkiya mai lamba 9 zuwa 42, wato lambar kauri daga siririya zuwa mai kauri, yana jan abin da ya kai kusan kilo 38, mai lamba 10 zuwa 46 kuwa kusan kilo 46. Sifirin, galibi uku, dole su yi kunnen doki da wannan ja. Ka sassauta tsirkiya ɗaya, ka rage nauyi a gefe guda na mangala, sifirin su rinjaya, jakin ya kwanta baya, sauran biyar su haura. Ka ɗaure ta, jakin ya ɗago, sauran su sauka. Fender ne ya fito da nasa a jikin jitarsa mai suna Stratocaster a 1954. Floyd Rose ya zo daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, ya ƙara makulli a sama da ƙasa don tsirkiya ta daina zamewa in an danna sandar lilo da ƙarfi. Makullan sun magance zamewa, amma sun sa gyaran tsawo ya zama aikin haƙuri.

Daidaita tsawo shi ne aiki na ƙarshe a gyaran jita, saboda duk abin da ya canza nisan tsirkiya da firet zai canza yawan miƙewar da yatsanka ke yi mata. Akwai abubuwan da sai ka gama da su tukuna.

Tsirkiya sabuwa ita ce ta farko, kuma a nan ba na sassauci. Na san tsadarta, na san a garuruwa da yawa sai an yi aike kafin a samu saiti mai kyau. Amma tsirkiyar da ta sha gumi da ƙura, ta yi tsatsa a wani wuri ta lotse a inda take gugar firet, nauyinta ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa, ba kuma wurin da za ka ajiye sirdi ta faɗi gaskiya. An taɓa kawo mini jita an tura sirdin tsirkiya ta uku har ƙarshen hanyarsa, mai ita yana shirin sayen sabon jaki. Tsirkiya kawai na canza, sirdin ya koma tsakiya inda ya kamata. Ka sa lambar da za ka ci gaba da amfani da ita, domin ranar da ka tashi daga 9 zuwa 10, an canza kiɗa, rawa ma sai ta canza: sifirin, wuya, tsawo, duka. Bayan ka ɗaura, ka riƙa jan kowacce a hankali da yatsu kana sake saitawa, har sai ta daina sauka.

Sai wuya. Ka danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 da kuma firet na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Fender na ba da shawarar kusan milimita 0.25 ga yawancin jitocinsa. Ba ka buƙatar ma'auni na musamman: guntun tsirkiya mai lamba 10 kaurinsa ke nan, in ya shige yana ɗan gogawa, ka isa. In tazarar ta yi yawa, ka ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya, in babu tazara ka sassauta ta. Kada ka wuce kwatan juyi a lokaci guda, kuma in ka ji ta cije, ka tsaya, ka kai wa wanda ya saba. Wannan sanda in ta karye, gyaranta na iya fin kuɗin jitar hannu.

Tsayin tsirkiya daga firet kuwa ya danganta da hannunka, amma milimita 1.6 a firet na 17 mafari ne mai kyau. A Floyd Rose da turaku biyun da jakin ke jingina da su ake ɗagawa ko saukewa. Kada ka murɗa su tsirkiyoyi na ɗaure. Kaifin jakin yana cizon turken da ƙarfi sosai, in ka juya a haka za ka dakushe kaifin, daga ranar kuma jakin ba zai riƙa komawa mazauninsa ba bayan ka danna sanda. Ka sassauta, ka juya, ka sake ɗaurewa.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne fikof, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar muryarsu zuwa lasifika. Maganaɗisun da ke cikinsa yana jan tsirkiya, musamman na kusa da wuya a kan tsirkiyoyi masu kauri. In ya matso da yawa za ka ji murya na rawa kamar biyu ce, allurar tiyuna kuma ta ƙi tsayawa. In ka danne firet na ƙarshe, a bar aƙalla milimita 2 tsakanin tsirkiya mai kauri da kan maganaɗisun. Ni nakan sauke shi ƙasa sosai in ina awo, in mayar daga baya.

Yanzu tsayar da jaki, wanda shi ne ainihin amsar tambayarka. Ka cire murfin bayan jitar. Za ka ga dunƙulen ƙarfe da ya sauko daga jakin, sifirin sun maƙale a jikinsa, ɗaya bakin nasu kuma yana riƙe da wani ƙarfe mai farata wanda sukuru biyu suka kafe a jikin katako ta wajen wuya. Ka nemi guntun katako mai tauri, ka feƙe shi har ya shige tsakanin dunƙulen da bangon ramin ta ɓangaren sifirin, wato ta wajen wuya. Kaurinsa shi ne komai: ya kasance in dunƙulen ya jingina da shi, jakin yana zaune yadda ake so. Ga Floyd Rose, farantin jakin ya yi layi ɗaya da fuskar jitar, ba ɗagawa ba nutsewa. Ga Stratocaster mai lilo, bayan farantin ya ɗago kamar milimita 3 daga jiki. In ba katako, kwabbai da aka naɗe da salatif suna yi, amma kada ka sa kwali ko roba, suna lotsewa. Daga nan ka ɗaure sukuru biyun nan, juyi ɗaya ko biyu kowanne, har sifirin su fi ƙarfin tsirkiyoyi su matse katakon. Na fi son wannan ɓangaren a kan sa katako ta baya saboda dalili ɗaya: ko ka sassauta tsirkiya gaba ɗaya, sifirin na riƙe da jakin, ba inda za shi. Yanzu jitarka ta zama mai kafaffen jaki, ka taɓa ɗaya sauran ba ruwansu.

Ka kwance makullin sama da alanki, wato lanƙwasasshen ƙarfen kwance sukuru, mai milimita 3, ka bar shi a kwance har ƙarshen aikin. Ƙananan sukurun saiti da ke bayan jakin, ka mayar da kowanne tsakiyar hanyarsa. Da kunnuwan sama, wato maɗauran tsirkiya da ke kan jitar, za ka yi duk saitin yanzu.

Wajen awo, ka rungume jitar kamar za ka yi kiɗa. Kada ka kwantar da ita a tebur, nauyin wuya kaɗai na canza abin da tiyuna za ta nuna. Ka zaɓi fikof na wuya, ka rage kaifin murya, ka kaɗa da matsakaicin ƙarfi. Da farko allura za ta yi sama sannan ta sauko, ka karanta bayan kamar daƙiƙa ɗaya. Ka saita tsirkiya a sake ta zauna daram. Sai ka danne firet na 12 da irin ƙarfin da kake dannawa a filin biki, ba da lallaɓawa ba, ba kuma da matsa ba. In murya ta haura, tsirkiyar ta yi gajarta, sirdi zai ja baya, nesa da wuya. In ta gaza, tsirkiyar ta yi tsawo, sirdi zai matso wajen wuya. Ka rubuta wannan a takarda ka ajiye a gabanka, domin a tsirkiya ta huɗu kai kan juye.

Tiyunar da ke nuna lamba ta fi mai fitila uku amfani a nan, kuma akwai manhajojin waya da ke yin haka. Ana raba tazarar murya da ke tsakanin firet ɗaya da na gaba zuwa kashi 100, kowane kashi sunansa sent. Ga lissafin da zai rage maka wahala: a jita mai tsawon milimita 648, matsar da sirdi milimita 1 yana canza muryar firet na 12 da kusan sent 2.7. Ke nan in ka ga ta haura da sent 8, kusan milimita 3 za ka ja baya. A Stratocaster wannan bai dame ka ba sosai, tunda sukuru ɗaya ne a bayan kowane sirdi, ka ɗan sassauta tsirkiya, ka murɗa, ka sake saiti. A Floyd Rose kuwa kowane gwaji yana cin lokaci, gara ka san nisan tafiyarka tun kafin ka tashi.

Ga yadda ake matsar da sirdin Floyd Rose. Sukurun da ke riƙe shi yana ta gaba, a ƙarƙashin tsirkiya, alankinsa a na asali milimita 2.5 ne. Abin da ya same ka, sirdi ya zabura gaba, ya faru ne saboda ka kwance wannan sukuru tsirkiya na ɗaure. Ka fara yin alama da fensir ko siririn alƙalami a jikin faranti, daidai bakin sirdin, don ka san inda ka taso. Ka sassauta tsirkiyar har ta yi laƙwas, ka ture ta gefe, ka kwance sukurun kaɗan, ka tura sirdin da babban yatsa gwargwadon lissafinka, ka ɗaure, ka dawo da saiti, ka sake aunawa. Sau biyu ko uku ya kamata ya ishe ka a kowace tsirkiya. In sirdi ya kai ƙarshen tsagarsa bai isa ba, ka duba farantin, akwai wani ramin sukuru a layi ɗaya, sai ka mayar da sukurun can. Ana sayar da wani ɗan ƙarfe da ke kama sirdi ta baya ya riƙe shi tsirkiya na ɗaure, yana sauƙaƙa aikin, amma ba dole ba ne.

Ka kula da hannunka wajen ɗaure waɗannan sukurori. Yawancin jitocin hannu da ke zuwa mana ba Floyd Rose na asali ke jikinsu ba, kwaikwayo ne, ƙarfensu kuma mai laushi. Da ka ji ya kama, ka ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. In zaren ramin farantin ya cinye, sirdin ba zai sake zama ba. Alankin da bakinsa ya lashe ma ka jefar da shi, shi ne ke fara kashe kan sukuru.

Da ka gama shida, ka kalli siradan daga sama. Ya kamata ka ga matakala biyu. Siririyar tsirkiya ta ɗaya ce mafi kusa da wuya, ta biyu ta ɗan ja baya, ta uku ta fi ta ja. Sai ta huɗu ta dawo gaba, domin duk da ta fi kauri a ido, naɗi ne a kanta, zuciyarta siririya ce. Ta biyar ta ja baya, ta shida ta fi kowa. In wani sirdi ya fita daga wannan tsari da nisa, ka zargi tsirkiyar ko awonka kafin ka zargi jitar. Ka kuma gwada firet na 5 da na 17. In na 12 daidai ne amma na 17 ya kauce kaɗan, ka raba bambancin ta wajen inda ka fi yin kiɗa.

Sakin jaki shi ne inda ake gane amfanin katakon. Ka tabbatar duk shida suna kan saiti. Ka fara sassauta sukurun sifirin, kwatan juyi wannan, kwatan juyi wancan, kana taɓa katakon da yatsa. Za a kai wurin da zai yi sako-sako ya zame da kansa. Nan ne sifirin da tsirkiyoyi suka yi kunnen doki. Ka duba tiyuna: in duka sun ɗan haura, sifirin sun fi ƙarfi, ka ƙara sassautawa kaɗan, in sun sauka ka ɗaure kaɗan. Da sukurun sifirin za ka dawo da saitin, kada ka koma kunnuwa, in ba haka ba ka sake shiga zagayen da ya gajiyar da kai tun farko. Sai ka kulle makullin sama. In kullewar ta ɗaga murya sosai, ƙarfen da ke danne tsirkiyoyi a bayan makullin ya yi sama, ka sauke shi har tsirkiyoyin su kwanta a kan makullin tun kafin a ɗaure. Ragowar ɗan bambanci, ƙananan sukurun bayan jaki za su share shi.

Akwai tsamin da sirdi ba ya magani, gara ka san shi don kada ka yi ta kwance abin da ka ɗaure. In firet na 12 daidai ne amma na 1 zuwa na 3 suna haurawa, mashigin sama ne ya yi tsayi, yatsanka na miƙe tsirkiya da yawa a wurin. A jita mai makulli, akan sami siraran ƙarafa a ƙarƙashinsa da za a iya ragewa. Firet da ya lashe ya yi faɗi shi ma yana kautar da murya, wannan sai mai gyara. In ka ja tsirkiya ɗaya sama don ta yi kuka, sauran za su ɗan sauka a lokacin, halin jaki mai lilo ne, ba kuskuren saiti ba. Haka in ka jingina tafin hannu da nauyi a kan jakin, duka za su haura. Wannan na damun masu salon Agadas fiye da kowa, domin sukan bar tsirkiya a sake tana amo a ƙasa yatsu na yawo a sama, kuma a irin wannan kiɗa ko ƙaramin bambanci ba ya ɓuya. Sannan ko an yi komai daidai, an raba muryar da ke tsakanin tsirkiyar sake da firet na 12 ne kashi 12 masu tazara ɗaya, kuma a wannan rabo akwai haɗin murya da ya haura wanda kunne ya fi so da kusan sent 14. Kowace jita mai firet haka take, da mai tsada da mai araha. In ka kai sent 2 ko 3 a ko'ina cikin wuya, ka yi aiki mai kyau.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Da hunturu katako na bushewa, har ka ji bakin firet na karce maka yatsa a gefen wuya, da damina kuma ya sha danshi ya kumbura. Wuya na motsi tsakanin waɗannan biyu, tsayin tsirkiya ya bi shi, tsawo ya bi tsayi. Ka duba tazarar firet na 8 sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina. Sau da yawa in ka dawo da wuya inda yake, tsamin na tafiya ba tare da ka taɓa sirdi ba. Kada kuma ka bar jita a bayan mota cikin rana ka ciro ta ka hau awo, ka bari ta huce tukuna.

Ka tambayi kanka sau nawa kake taɓa sandar lilon nan a dare ɗaya na biki. In amsar ita ce da wuya, ka bar katakon a ciki, sifirin a ɗaure, ka mayar da murfi. Za ka iya danna sanda ƙasa har yanzu, ja sama ne kawai ka rasa. In tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar rawa, sauran biyar za su tsaya a kan saitinsu ka ƙarasa waƙar, abin da jaki mai cikakken lilo ba zai taɓa ba ka ba. In kuwa kana son lilon, ka rubuta lambar tsirkiyarka a jikin katakon, ka ajiye shi a jakar jita tare da alankin nan biyu, domin duk ranar canjin tsirkiya za ka neme shi.